Mai Wayarin Maraɗi da Rediyon Tauraron Ɗan Adam

Ɗaurin aure na je Maraɗi, amma tun da na dawo ba ni da hira sai ta wayarin mota. Mutanen gidana sun ƙoshi da labarin, har sun fara tashi in na ɗauko shi. Don haka bari in juye wa mai karatu, shi da bai ji ba.

Na baro Kano bayan sallar asuba, na karya a Katsina, na kama hanyar Jibiya. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai cika kilomita 100 ba, sai dai akwai iyaka a tsakani, ita kuwa iyaka ba ruwanta da saurin mutum. A Magama namu suka duba takardu. A Ɗan Isa 'yan duwan, wato kwastan ɗin can, suka rubuta wa motar takardar shiga ƙasa, wani jandarma ya leƙa but ya rufe, ya ce in sauka lahiya. Wannan ƙofar ce aka garƙame bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ba ta sake buɗuwa ba sai a watan Maris na 2024. Har yau in ka zauna da direbobin hanyar, lissafinsu biyu ne: kafin rufe boda da bayan rufe boda. Ta wannan yanki ne kuma aka tsara layin dogon nan mai kilomita 284 zai bi daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021.

Tituna ne suka fara burge ni. Miƙaƙƙu, suna gicciye juna kamar gidajen dara, ga inuwar dogon yaro dama da hagu. Bakanon da ya tashi a lungunan cikin ganuwa, inda sai ka juya sau bakwai kafin ka isa gidan maƙwabcinka, dole ya jinjina. Mai masaukina ya ce ruwa ne ya yi musu wannan gata. Tsohon garin a kwari yake, bakin Gulbin Maraɗi, ambaliyar 1945 ta cinye shi, Turawan Faransa suka hau da jama'a tudu suka yanka musu filaye a jere. Mai fadar garin kuwa har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, domin zuriyar sarakunan nan ne da jihadi ya fitar daga birnin Katsina, suka zo suka kafu a nan ƙarƙashin Ɗan Kasawa a farkon ƙarni na 19. Gari ne na 'yan kasuwa tun zamanin gyaɗa, har wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kan alhazan Maraɗi a 1986. Manyan motoci ba sa yankewa, masu zuwa Damagaram da masu zuwa Yamai da masu gangarawa Najeriya, kuma kowace tana da ranar da za ta nemi makanike.

Tawa motar Corolla ce 'yar Amurka, na hannu. Tun da na saye ta akwai wata 'yar akwati manne a kan dashbod, ba ta fi sabulun wanka girma ba, an rubuta Sirius a goshinta. A kan rufin motar kuma akwai wani ɗan baƙin abu kamar buzuzu, maganaɗisu ya riƙe shi. Dillalin ya ce mini rediyon tauraron ɗan adam ce, ya ƙara kuɗi a kanta ma. Ba ta taɓa cewa uffan ba. Da dare dai nakan hango ɗan haskenta ta gilashi, na ɗauka wata dabarar tsaro ce ta Turawa, har ina jin daɗi. A shekara ɗaya da rabi na sayi batir biyu. Duk wanda na kai wa kuka sai ya ce ai batiran yanzu ne ba su da aminci, ni kuma in gyaɗa kai in biya.

Kwana uku motar ta yi a ajiye a ƙofar gidan mai masaukina a unguwar Zariya, muna ta zirga-zirgar biki a kan kabu-kabu. Ranar na huɗu da safe na murɗa makulli, ta ce ƙas-ƙas, ta yi shiru. Na fara tambayar inda ake sayar da batir. Mai masaukina ya ce, "Alhaji, kar ka sayi komi tukuna. Mu tahi wurin mutumina." Aka jawo mata wuta daga motar maƙwabci, muka lallaɓa.

Garejin rumfar kwano ce da ɗan ɗaki guda, da yara huɗu masu koyon aiki, aparanti suke ce musu. Maigidan dattijo ne, zai haura sittin, ba mai yawan magana ba. Idona ya fara sauka kan gwangwanayen madara da ya jera a kanta, kowanne cike da fiyus, kala-kala, ba a gauraya ko ɗaya ba. Daga baya na gane karatun farko ke nan da yake ba yaransa: ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Yaron da bai iya karanta lamba ba ya iya kala. Hausarmu ɗaya da su, amma da aka zo kan kayan aiki sai na koma ɗan koyo. Abin da muke kira fiyus su fizibil suke cewa. Wutar lantarki kuran ce. Sukundireba turnabis ne, dashbod tablo, makullin tayar da mota kuwa kontak. Turawa biyu sun raba mana akwatin kayan aiki, ko da yake hannun da ke riƙe su iri ɗaya ne.

Bayan gaisuwa ya ce, "Mi ya same ta?" Na ce batir ne ya mutu. Ya ce, "Batir ba ya mutuwa hakanan, Alhaji. Kashe shi aka yi."

Ya sa na kashe motar, na zare makulli, na rufe ƙofofi duka. Ya kwance kan batir na baƙi, wanda suke kira mas, ya sa mitarsa tsakanin kan batirin da wayar da ya cire, yadda duk wutar da za ta fita sai ta bi ta cikin mitar. Muka tsaya muna kallo. Ya ce motocin yanzu ba sa barci nan take, sai kwamfutarsu ta gama 'yan dube-dubenta. Lambar ta yi ta sauka, can ta tsaya cak a wajen kashi ɗaya cikin uku na amfiya. Lafiyayyar mota in ta yi barci, abin da take sha don riƙe agogo da ƙwaƙwalwar rediyo bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin ashirin ba.

"Ka gani? Motarka ba ta kwana. Akwai mai shan kuran da dare."

Ya sa wani yaro ya riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, na cikin inji da na ƙarƙashin sitiyari, shi kuma idonsa na kan mitar. In aka zare na layin da ɓarnar take, lambar za ta faɗi. Yaron ya zare duka ya mayar, lambar ko gezau. Dattijon ya yi ɗan murmushi ya ce, "To, ɓarawon ba ta ƙohwa ya shigo ba." Ya sunkuya kan ɗaya kan batirin, na ja, ya ɗaga robar da ta rufe shi. Ga wata siririyar waya nan, an murɗa ta a ƙarƙashin noti, ba dalma, ba fiyus. Ya bi ta da yatsa har inda ta shige cikin mota ta wata huda a jikin ƙarfen da ya raba inji da mazauni. Ya jawo ta a hankali ya nuna mini. Bakin ƙarfen ya riga ya ci rabin robarta, jan ƙarfen ciki har yana ƙyalli.

Lissafin mai sauƙi ne, shi ya sa ya ba ni haushi. Kashi ɗaya cikin uku na amfiya, sau awa 24, ya zama 8 a kowane kwana. Kwana uku, 24. Batirin nawa mai 60 ne tun yana sabo, ga shi an daɗe ana tatsarsa kowane dare, batirin mota kuwa ba abin da ke tsufar da shi kamar a riƙa zuƙe shi ana sake cikawa, balle a zafi irin namu. A Kano kullum ina hawa, injin yana mayar da abin da aka sata, shi ya sa asirin bai tonu da wuri ba.

Amma shi ba batirin ne ya dame shi ba. Wayar ce. Ya ce batirin mota, ko da volt 12 ne kacal, in waya ta taɓa jikin ƙarfe yana iya turo ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, siririyar waya irin wannan sai ta yi ja kamar garwashi tun daga inji har bayan tablo, inda babu komai sai roba da soso. "Mutane na cewa mota ta kama wuta hakanan. Ba hakanan ba ne. Wagga ce." Sai ya faɗi abin da na riƙe har yau: fizibil ba rediyo yake gadi ba, waya yake gadi. Saboda haka wurinsa kusa da inda aka ɗebo wutar, kada ya wuce taƙi guda. In ka sa shi can ƙarshen waya kusa da rediyo, duk tsawon da ke bayansa a sake yake. Wanda kuma fiyus ya ƙone masa ya naɗa zaren waya ko takardar kwalin taba a madadinsa, wannan a garejin nan ba a gaishe shi da daɗi.

Da aka kwance tablo, wayar ta kai mu ga wani ɗan baƙin ƙunshi kamar kwalin ashana, daga shi kuma sai mazaunin 'yar akwatin nan tawa. Na ce, tunda ga mu ga ta, ko zai iya sa ta ta yi magana? Nan ne na ga dariyarsa ta farko.

"Alhaji, wagga ko ka kai ta Makka ba ta magana. Tauraronta can yake kallo."

Gaskiyarsa. Kamfanoni biyu ne suka fara wannan harka a Amurka, XM a 2001, Sirius a 2002, suka haɗe a 2008. Taurarinsu Arewacin Amurka suka fuskanta, can suke zuba shirye-shiryensu, kuma sai wanda ke biyan kuɗin wata ake buɗe wa. Motar ta haye teku, ta baro tauraronta a baya. Shekara ɗaya da rabi ke nan 'yar akwatin tana zaune a kunne dare da rana, tana lalube sararin sama, tana shan batirina.

Ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar rediyo, ƙura ta rufe ta, da wani ɗan faifai mai kama da murfin kwano haɗe da ita. Ya goge goshinta da hannun riga, na karanta: WorldSpace. Ya ce wannan ita ce tamu, ita ce ta yi magana a nan. Wani alhaji mai fatauci zuwa arewa ne ya kawo masa ita shekaru da dama da suka wuce, yana son in ya yada zango a dajin da FM ba ta kaiwa, ya ɗora faifan a kan mota ya ji duniya ba tare da shuuu ɗin gajeren zango ba. Shi ya haɗa mata wuta daga motar. Da abin ya mutu, alhajin ya bar masa ita.

Labarin wannan rediyo ya cancanci a tsaya a kansa, don ba kowa ya san shi ba. Wani lauya haifaffen Habasha, Noah Samara, shi ya kafa kamfanin a 1990, da niyyar isar da labari da ilimi kai tsaye daga sama zuwa ƙauyukan Afirka, musamman faɗakarwa kan cutar ƙanjamau da ke cin jama'a a lokacin. A watan Oktoba na 1998 aka harba tauraronsa, AfriStar, aka fara watsa shirye-shirye a 1999. Manyan kamfanonin Japan, irin su Hitachi da Sanyo da JVC da Panasonic, su suka ƙera akwatunan farko. Muryar tana fita tas. Sai dai akwatin ya fi ƙarfin aljihun talakan da aka yi abin dominsa, daga baya aka ƙara da kuɗin wata, a daidai lokacin da tashoshin FM ke tsirowa a kowane gari kyauta. A Oktoban 2008 kamfanin ya bayyana karyewarsa. Abin da ya fi ba ni takaici, WorldSpace na cikin waɗanda suka sa hannu aka kafa XM ta Amurka. Dabarar da aka yi tunaninta don makiyayi da manomi, ga ta can tana yi wa direbobin Amurka kiɗa, mu kuma an bar mu da gawarta a kan kanta.

Na ce to a cire tarkacen duka a zubar. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ɗaga ɗan ƙunshin nan mai kama da kwalin ashana ya ce wannan ai shi ne mai daraja. Irin waɗannan ƙananan rediyoyi akasarinsu volt 5 suke ci, mota kuwa 12 take bayarwa, in inji na aiki ma har 14. A asali fulogi gare su da ake sokawa a ramin kunna taba, kuma a cikin kan fulogin ne aka ɓoye abin da ke rage wutar. Mai gaggawa sai ya ga waya ta dame shi a gaban mota, ya datse fulogin ya yar, ya haɗa wayar kai tsaye. Ko minti ba a yi, sai ƙauri. Ya ce ba ya iya ƙirga na'urorin da aka kawo masa a ƙone ta wannan hanya, kuma abin ya fi muni a manyan motoci, inda wutar 24 ce. Wanda ya yi wa motata aikin ya san wannan, ya sa abin rage wuta. Inda ya ɗebo wutar ne ya yi ta'asa. Volt 5 ɗin nan kuma shi ne daidai abin da wayar hannu ke sha. Don haka za a yanke kan da ke shiga rediyo, a sa masa bakin caji, ya zama cajar mota da ba ta cin wuri.

Daga nan na ja benci na zauna, don aikin ya zama abin kallo. Ya ɗauko fitilar gwajinsa, ƙwan sigina ne da aka ɗaura wa tsinken sifokin keke a gefe guda, da waya mai ɗan maƙali a ɗaya gefen. Ya maƙala ta a jikin ƙarfe, ya riƙa taɓa bayan kowane fiyus da tsinken, makulli na hannuna. Waɗanda suka kunna ƙwan, su ne masu wuta kullum, ya ce a bar su. Ya ce in sa makulli in murɗa taki ɗaya. Ya sake bi. Waɗanda suka kawo wuta yanzu, su ne masu bin kontak, in an kashe mota su ma sun mutu. A cikinsu ma ya tsallake da yawa. Ba a taɓa layin birki, ba a taɓa na kwamfutar inji, ba a kusantar na jakar iskar da ke fashewa in an yi haɗari, wadda fulogoginta rawaya ne don kowa ya gane. Ya zaɓi na ramin kunna taba. Ya zare fiyus ɗin, ya soka wata 'yar fulogi mai gida biyu a gurbinsa, ya mayar da tsohon a gida na ƙasa, ya sa sabo ƙarami mai amfiya 3 a na sama. Ko waya ɗaya ta motar bai fere ba.

Sai baƙar waya, ta mas. Ya nemi noti da ke ɗaure a ainihin ƙarfen jikin mota, ya kankare fentin wurin har ya yi fari, ya sa wa wayar zobe, ya ɗaure tam. Ya ce rabin rediyoyin da ke kuka kamar sauro in an taka totur, daga nan ciwonsu yake. Kowane haɗi sai da ya narka masa dalma, ya zura masa 'yar rigar roba, ya haska mata ashana ta tsuke. Salatif, a cewarsa, zafin watan Afrilu ɗaya ya ishe shi ya saki. Tsohuwar wayar ya zare ta gaba ɗaya, hudar da ta bi kuma ya toshe da guntun roba. Ya tattara ragowar wayoyin ya ɗaure su nesa da sandar sitiyari da fedar birki. Yaron da ke miƙa masa kaya bai wuce shekara goma sha huɗu ba, kuma kafin a ɗaura kowace waya sai ya tambaye shi: daga ina kuran ya hito, ina za shi, mi ke kashe shi? In yaron ya yi inda-inda, aiki ya tsaya har sai ya amsa.

Tunda an buɗe tablo, na kawo masa wani tsohon ƙorafi. Rediyon motar ta asali tana tsallake wasu tashoshi. Ya ce ai dole. Ta Amurka lambobin mara kawai take takawa, daga 88.1 sai 88.3 sai 88.5, duk tashar da ta zauna a tsakani sai dai ka ji ta dishi-dishi. Ta motar da aka yi don kasuwar Japan kuma, tsofaffinsu daga 76 suke farawa su tsaya a 90, alhali tashoshinmu suna kaiwa har 108. Aka aiki yaro kasuwa ya kawo wata rediyon. Ita ma wayoyin wutarta uku ne: rawaya mai wuta kullum don kada ta manta tashoshi, ja mai bin kontak, baƙa ta mas. Ya ce a wasu motocin Jamus, irin Golf da Opel, gurbin jar da na rawayar a juye suke zuwa, shi ya sa za ka ga direba kullum da safe yana sake neman tasha yana zagin rediyo, ita kuwa ba ta da laifi.

Ana cikin haka hira ta kai mu ga wutar gari. Maraɗi tana samun lantarki daga wajenmu, ta layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa. Da Najeriya ta katse wutar a watan Agusta na 2023, ya ce garejinsa ya koma kamar asibiti: masu kawo tsofaffin batiran mota a farfaɗo musu, masu son a haɗa musu faifan sola da fanka da ƙwai biyu. Bai faɗa da ɗaci ba, ni ne dai na ji kunya ta kama ni. Na lura kuma mutumin da ya saba auna wuta da cokali, ba ya yarda ko ɗigo ya zube a banza, ko a gida ko a mota.

Batirin ya kwana a kan caji. Da safe ya auna, ya kusa 12.6 ɗin da ake nema ga cikakken batir. Aka tayar da inji, mitar ta haura 14 kaɗan, alamar altaneta na aikinta. Aka kashe, aka sake gwajin farko, lambar ta faɗi ƙasa warwas. Na tambayi kuɗin aiki, ban da kayan da aka saya. Ya ce jika biyat. Jika ita ce sefa 1,000. Na ƙara masa, ya karɓa ya miƙa wa yaran ƙarin. Ya ce kafin in kama hanyar gida in je in jijjiga ta a hanya mai gargada, in wani abu zai saki, gara ya saki yana kusa.

Haka muka nufi Tsibiri, wadda taswira ke rubutawa Tibiri, 'yar tafiya kaɗan arewa maso yamma da Maraɗi. Nan Gobirawa suka sake kafa gadon sarautarsu. Tsohon birninsu Alƙalawa ya faɗi a 1808, aka yi ta gwabzawa har yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka kwanta dama, bayan nan ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri. Har yanzu akwai Sarkin Gobir a nan, akwai Innar Gobir, kuma za ka ga dattawa da zanen Gobirci a kumatu suna zaune a ƙofar fada, sunan Bawa Jan Gwarzo na fita a bakinsu kamar jiya ya bar gari. Muka bar kwalta da gangan, muka bi yashi da kwazazzabai ta gefen gulbi. Rediyon ba ta ko yi tari ba. Na yi ta murɗawa ina jin Anfani, ina jin Sarauniya, ina jin Garkuwa, da Muryar Sahel ta gwamnati: sanarwar ɗaurin aure, cigiyar akuya, farashin gero, wa'azi, da masu bugo waya suna gaida 'yan uwa a Jibiya da Katsina kamar babu wata iyaka.

A nan ne wani abu ya faɗo mini. Tauraron ɗan adam ɗin ai ya iso motata, ta bayan gida ya shigo. Shekara da shekaru tashoshin FM na Nijar suna kamo sassan Hausa na manyan gidajen rediyon waje da farantin da ke kan rufinsu, su sake watsa wa gari. Faranti ɗaya ya wadatar da dubban akwatuna masu arha. Illarsa dai, abin da ya bi ta ƙofa ɗaya, rufe shi ba wuya: hukumomin Nijar sun dakatar da RFI a Agustan 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024. Da WorldSpace ta rayu, da wannan lissafin ya sha bamban.

Jiratawa kuwa a hanyar komawa na tsaya mata, kudu da Maraɗi, cikin kwarin gulbi. Ban yi zaton ganin kore irin wannan a tsakiyar rani ba. Fili ne na noman ban ruwa da ya haura hekta 500, an shimfiɗa shi tun farkon shekarun 1980, ana jawo ruwansa daga rijiyoyin burtsatse da famfunan lantarki. Zogale ne sarkin wurin. Ba a barinsa ya zama bishiya, ana yanke shi yana gajere ya sake tohowa, mata na tsinke ganyen ana cusa shi a buhuna zuwa kasuwanni. Na ci kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli a bakin wata gona, har na nemi ƙari ba kunya. A gefena wani manomi ya rataye 'yar rediyonsa a reshe, ga ƙaramin faifan sola a kan bukka, ga tsohon batirin babur a ƙasa. Saboda sabon karatuna, sai na tsinci kaina ina bin wayarsa da ido. Kusa da kan batirin, ga ɗan jan fiyus nan a ɗaure. Ban tambaye shi wa ya haɗa masa ba.

Na shigo Kano da magariba, wayata cike da caji. 'Yar akwatin Sirius na bar ta a Maraɗi, tana kan kanta kusa da WorldSpace, dattijon ya ce zai riƙa nuna wa yara. Batirin da na so yarwa shi ne a motar har yau, kuma ta sha yin mako a ajiye ta tashi bugu ɗaya.

Mai karatu, in an taɓa ɗaura maka rediyo, ko caja, ko fitila, ko na'urar bin sawun mota, gobe da safe ka buɗe bonet ka ɗaga robar da ke kan batir na ja. In ka ga siririyar waya ta fita daga nan babu fiyus a kusa da ita, kada ka bari ta sake kwana a haka.